Zaren gidana shuɗi ne

Ni mai jirgin ruwa ne. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Tun kafin a yanke mana jiha daga Sakkwato nake ɗaukar mutane da kaya daga ƙauyukanmu na gefen Wara zuwa Yelwa, ranar kasuwa.

Da kifi ya yi ƙaranci, samarinmu huɗu suka tafi kamun kifi a ƙasar Kamaru. Ɗaya ɗana ne, na fari. Ɗaya na wata gwauruwa ne, matar marigayi abokina, wadda nake kira Yaya. Shi kaɗai gare ta. Sauran biyun na wasu gidaje ne a gaba da mu. Shekara biyu ba mu ji komai ba sai a bakin matafiya.

A lokacin ne wani malamin makaranta ya buɗe shagon kwamfuta a Yelwa. Ya ce akwai wasiƙa da ba ta shiga mota, imel sunanta. Ya buɗe wa kowane gida adireshinsa, huɗu cif, aka aika wa yaran. Can ma akwai mai shago a garin da suke sayar da kifi, shi ke rubuta musu.

Buɗe akwatin saƙo huɗu ɗaya bayan ɗaya yana cin rana. Na'urar ta fi jaki nawa, ni kuwa dole in bar gaɓa kafin iskar la'asar ta tashi. Na ce masa ya yi dabara. Sai ya haɗa su, saƙon kowane gida ya riƙa faɗowa akwati guda. Ya ce kafin a san na wane ne, sai an danna wani ɗan layi a sama an duba adireshin. Na ce wannan aikinsa ne.

Nawa aikin zare ne. In ya buga takarda ya ce ta gidan wane ce, sai in naɗe ta in ɗaure da zaren tarun kamun kifi. Ja na Yaya, fari da baƙi na sauran biyun, shuɗi nawa. Yakan yi min dariya ya ce, "Baba, kai ma ka buɗe ofis a aljihu." In ce ofis ɗina bai taɓa jiran wuta ba.

Nawa saƙon a shagon yake karanta min, in riƙe a kai, in kawo gida. Matata ba ta taɓa tambaya. Ɗan fari ne, ba ta ko kama sunansa. Sai in zauna a tsakar gida in faɗa wa ƙannensa da ƙarfi, ita kuma ta daina daka har in gama.

Wata kasuwa saƙo ya zo cewa ɗan Yaya na kwance da zazzaɓi. Na kai mata. Ta ba ni sassaƙe in aika masa, na ce wannan wasiƙar ba ta ɗaukar kaya.

Kasuwar da ta biyo babu wuta. Janaretan malam yana tari, yana ɗaukewa. Da kyar akwatin ya buɗe. Saƙo ɗaya ne, daga mai shagon can. Malam ya karanta, ya cire tabarau, ya sake karantawa a fili. An ce a yi haƙuri, Allah ya yi wa ɗanku rasuwa ranar Talata, an yi masa sutura, 'yan'uwansa sun tsaya a kansa. Babu suna. Mai rubutun ya ga tunda gidan ya aika wa, ba sai ya faɗa ba.

Malam ya kai hannu zai danna layin nan, janareta ya mutu. Ya ce in jira a gyara. Na leƙa waje, na ga ruwa ya fara canja launi. Na ce, "Ba sai ka duba ba. Na Yaya ne. Shi ne marar lafiya." Ya kwafe abin da ya tuna da biro. Na ɗaure da jan zare.

Ban ba kowa ya karanta mata ba, da bakina na faɗa. Tana shanya kifi a kan raga. Ta gama jera wanda ke hannunta, sannan ta zauna a ƙasa.

Kwana uku na yi a ƙofar gidanta ina karɓar gaisuwa, tunda ba ta da namiji. Ni na shimfiɗa tabarmi. Matata ta dafa abincin sadakar uku ta kai. Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yanzu: a kan tabarmar nan, ina amsa wa masu ta'aziyya, a zuciyata ina gode wa Allah da ba nawa ba ne.

Da kasuwa ta zagayo, malam yana tsaye a ƙofar shago. Bai yi min wasan ofis ba. Ya kai ni ciki ya ba ni kujerarsa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce bayan tafiyata an gyara janareta, ya duba layin. Ya aika min da wani mai jirgi, saƙon bai same ni ba. Sannan ya karanta min sabon da ya shigo. Daga ɗan Yaya ne, ya warke. Yana yi min ta'aziyya. Ya ce iska ce ta kifar da kwale-kwalensu, shi da hannunsa ya sa abokinsa a kabari.

Na tambaye shi ko ya tabbata wannan karon. Ya juyo min da gilashin kwamfutar ya sa yatsa a kan layin. Na kalla. Ban san ko harafi ɗaya ba, amma na daɗe ina kallo.

Gidan Yaya na fara zuwa, don shi ne a kan hanya. Na ce mata ɗanta na da rai, kuskure na yi. Ta dube ni kamar za ta mare ni, kuma da ta yi da ban hana ba. Sai ta ce, "To na wa ne?" Ta ga shuɗin zaren da ke hannuna. Ba ta yi guɗa ba, ba ta yi hamdala a gabana ba. Ta shiga ɗaki ta naɗo tabarmin da ba a riga an mayar wa masu su ba, ta ɗora a kai, ta ce in wuce gaba.

Matata tana daka da muka shigo. Ta ga tabarmi, ta ga Yaya, ta ga ban zauna inda na saba ba. Ta ajiye taɓarya. Ranar ce na fara jin sunan yaron a bakinta.

Mutanen da suka zauna can, su suka dawo suka zauna nan. Yaya ce ta dafa abincin.

Na ci gaba da kai saƙo, don babu mai yi in na bari. Amma ban sake ɗaure takarda ba sai malam ya danna layin ya karanta min adireshin sau biyu, ko da iska za ta kama ni a tsakiyar ruwa. Sau biyu ta kama ni.

Bayan wata shida ya tambaye ni ko ya cire adireshin gidana daga akwatin, tunda ba abin da ke shigowa ta nan. Na ce ya bar shi.