Gwangwanin Saman Kabad

Da safe Auta ta kai wa Baba ruwan wanka, ta ga idonsa na hagu ya kumbura ya rufe ruf. Saura kaɗan bokitin ya suɓuce mata.

Baba kafinta ne. Shekara talatin yana shaƙar garin katako, bai taɓa rufe shago don ciwo ba. Ba ya yar da komai. Lanƙwasasshiyar ƙusa ma miƙe ta yake yi ya adana. Haka ya ɗauki magani. A saman kabad akwai gwangwanin madara, duk wanda ya ji sauƙi a gidan kafin maganinsa ya ƙare, nan ake zuba ragowar. Kwana goma sha biyu ke nan hancinsa a toshe, goshi da kumatu na zugi, yana tsintar kafso daga ciki, yau ja, gobe rawaya.

Bana Auta ta gama karatun haɗa magunguna, amma nauyin uba ya ɗaure mata baki. Yau kam ta tare ƙofa ta ce asibiti za su.

"Likitar gida, ƙofar mutane zan haɗa yau."

"Da ido ɗaya, Baba? Ai a karkace za ta fito."

Inna ta miƙo masa hularsa.

Likita ya ce ciwon a kogon ƙashin fuska yake. Maganin da aka saba farawa da shi dangin fenisilin ne, akwai kuma wani kafson ga wanda jikinsa ba ya karɓar wancan, amma tunda abin ya taɓa ido, sai wanda ake bayarwa ta jijiya. Ya tambaya ko wani magani ya taɓa ba shi matsala. Baba ya ce shi ƙarfe ne.

Auta ta dubi likita. Ƙaryata uba a gaban baƙo ba wasa ba ne. Ta ce akwai: shekarar da aka haife ta, allurar fenisilin ta feso masa ƙuraje har numfashinsa ya sarƙe, Inna ta sha ba da labarin. Likita ya soke abin da ya rubuta, ya sauya. Baba ya harare ta da idon mai lafiyar.

An kwantar da shi, an ɗaura ruwa, an yi hoton kansa don a ga ko ciwon ya kai bayan ido. Auta na kan benci, gwangwanin da ta ɗauke daga saman kabad na cikin jakarta. Sakamakon bai fito ba tukuna.