Shekara Goma Sha Ɗaya a Gefen Direba

A waya na fara ganin motar da ba ta da direba, a gindin darbejiyar tasharmu ta manyan motoci a Kontagora, bayan azahar, muna jiran lodi. Ɗan maigidana ne ya nuna mana. Shekararsa biyu da gama makaranta, aiki bai samu ba, sai ya zama kullum yana tasha da waya a hannu yana ba mu labarin duniya. Muka kewaye shi. Gingimari ce fara fat, tana tafiya a kan kwalta sumul kamar faranti, sitiyari na juya kansa, kujera ba kowa. Direbobi suka kwashe da dariya. Wani ya ce a kawo ta hanyar Tegina, kafin ta kai rabi za ta tsaya ta nemi uwarta. Ni ma na dara. Maigidana ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya karɓi wayar, ya nisanta ta da idonsa irin na masu shekaru, ya kalla sau biyu, sannan ya mayar wa ɗansa.

A lokacin shekarata goma sha ɗaya ina yi masa yaron mota. Ina da sha tara mahaifina ya kawo ni daga Ibeto, ya damƙa hannuna a nasa, ya ce ga amana. Tun daga ranar Baba nake ce masa. Na wanke mota, na ɗaura tamfol, na yi gudu da waigi, katakon tokare taya, a bayan mota a kan tudu har ƙafafuna suka san tsakuwar kowace gangara daga nan zuwa Ibadan. Hatsi muke ɗauka, galibi daga kasuwar Auna, mu kai kudu, mu dawo da abin da ya samu. A shekaru huɗun ƙarshe kusan ni ke tuƙin. Bayansa ya fara ciwo, idonsa ya fara ragewa, da mun bar gari sai ya matsa gefe ya tura hula a fuska, ba zai farka ba sai Mokwa, ya tambaye ni me ya sa nake taka birki kamar mai tsoron ƙasa.

Wanda bai san tasha ba zai ce, tunda ka iya, ka nemi lasisi ka kama gabanka mana. Lasisi ina da shi tun tuni. Amma a wurinmu ba mai miƙa maka motar da ta ci dukiyarsa kaf saboda takarda. Sai maigidanka ya yaye ka. A sayo goro da dabino, dattawan tasha su zauna, a yi fatiha, shi kuma ya miƙa maka makulli a gaban kowa ya ce, "Na yaye shi, na tsaya masa." Waɗannan kalmomi su ne ainihin lasisin. In ba a faɗe su a kanka ba, ko da ƙafa kake juya sitiyari, yaron mota ne sunanka har ka yi furfura.

Ya yi min alkawari. Ya ce wannan daminar ce ta ƙarshe, da kaka zai sauka, ya yaye ni, motar kuma ta ci gaba da tafiya a hannuna, don tasa ce, da guminsa ya saye ta. Na gaya wa matata. Ita kuwa ba ta iya riƙe murna ba, nan da nan ta kai wa tela shadda a ɗinka min kaftanin ranar.

Akwai wani abu da ya faru a ranin da ya gabata, wanda ban ɗauke shi komai ba. Baba ya ce in ɗan nuna wa ɗansa yadda ake motsa mota, don ya riƙa gyara mata tsayuwa a tasha in ba ma kusa. Duk Juma'ar da muke gari, bayan an sauko masallaci, sai in ja shi filin bayan gari. Hannunsa laushi kamar na mai jego. Giya ɗaya sai ta yi ƙara sau uku kafin ta shiga, ina tsokanarsa ina cewa motar ba alƙalami ba ce. Yaya yake ce min, ni kuma ƙanena na ɗauke shi. Ban ɓoye masa komai ba. Na nuna masa yadda ake karanta madubi a ribas, da yadda ake jin nauyin lodi a ƙugu kafin a shiga kwana. Har hon ɗina na koya masa, gajere biyu da dogo ɗaya, wanda nake bugawa in za mu wuce Ibeto don mahaifiyata ta san lafiya nake.

Mako guda bayan kallon wayar nan, Baba ya kira ni cikin mota ya rufe ƙofa.

"Ɗana," ya ce, "abin nan da muka gani ya hana ni sakat. Su waɗancan dariya suke, ni na ga abin da suka kasa gani. Haka aka yi wa wayar hannu dariya. Shekararka talatin. In na ba ka makulli yau, nan da shekara biyar ko goma abin nan ya iso, ina za ka? Ni na tsufa, sayar da motar zan yi tun tana da daraja. Ka koma gida, kuna da gona, ka kama wani abu tun da sauran ƙarfinka."

Na ce, "Baba, to a yaye ni dai. Ko ban tuƙa taka ba, wani zai ba ni."

"In yaye ka don wani ya ɗaure ka a sana'ar da ta mutu? Ba da hannuna ba. Me zan ce wa mahaifinka ranar gobe?"

Mahaifina ya rasu shekara uku kafin nan, kuma da ya ambace shi idonsa ya kawo ruwa. Ya ƙara da cewa kada in tsaya sallama da 'yan tasha, za su ruɗe ni da surutu, shi zai yi musu bayani da kansa.

Na yarda, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Amma a yi min adalci. Mutumin nan bai taɓa yi min ƙarya a kan hanya ba. Wata damina, bayan Sahon Rami, ya ce in tsaya kafin wata kwalbati don launin ruwan bai yi masa ba. Muna tsaye ana ta zaginmu a baya, gefenta ya zube a gaban idonmu. Shekara goma sha ɗaya in ya ce akwai rami a gaba, akwai rami. Ranar da ya ce sana'a ce za ta zube, ban ga dalilin da zai sa in leƙa da kaina ba.

Matata ce ta leƙa. Muna ɗaure kaya ta ce, "Malam, mai shirin sayar da mota ne zai sa mata sabbin tayoyi shida wancan watan?" Na daka mata tsawa, na ce me ta sani a harkar mota. Ta ninke kaftanin ta sa a ƙasan akwati.

Muka koma Ibeto. Na kama noma, na sayi tsohon babur ina kabu-kabu ranakun kasuwa. Abin kunya, har wa'azi na riƙa yi. In an zauna a majalisa sai in ciro waya in nuna musu farar gingimarin, in ce ni na gudu da wuri, sauran direbobi barci suke. Ina kallonta safe da yamma don in tabbatar wa kaina ban yi wauta ba.

Wata biyu da komawata, ina yankan dawa a gonarmu ta bakin titi, sai na ji hon, gajere biyu da dogo ɗaya. Lauje ya faɗi daga hannuna. Motarmu ce, da tamfol ɗin da na ɗinke da hannuna, ta nufi Auna. Ɗan Baba ne a sitiyari. Baba na gefensa, a kujerar da na zauna shekara goma sha ɗaya, hula a fuska. Da na koma gida na tarar mahaifiyata ta fito ƙofa tana dube-dube, ta ɗauka ni ne na koma aiki ban gaya mata ba.

Wani ɗan kamasho da na ɗauka a babur ya ƙarasa min labarin. Mako uku da tafiyata aka raba goro da dabino a gindin darbejiya, aka yaye ɗan Baba. Da dattawa suka tambayi inda nake, Baba ya girgiza kai ya ce na kasa haƙuri, na tsere ba ko sallama. Ban je na tunkare shi ba. Na yi ta shirya maganar a raina ina kan babur, amma in na tuna zan tsaya a gaban dattawa in ce da hoton waya aka kore ni, sai kunya ta danne fushin.

Da damina ta zagayo, wata ranar kasuwar Auna na kai fasinja, an sha ruwa tun safe. A bayan 'yan hatsi na ga taro. Motarmu ce, cike da masara, tayoyin baya sun nutse a laka. Yaron na ta danna totur, tayoyi na haƙa wa kansu rami, warin kuloci ya cika wurin. Baba na tsaye da lema yana faɗa. Sai idonsa ya faɗo kaina.

"Kai, zo," ya ce.

Kamar jiya muka rabu. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ƙafafuna sun tafi kafin zuciyata ta yi shawara. Yaron ya sauko yana share gumi, ya ce, "Yaya, sannu," bai iya kallon idona ba. Na sa aka zuba duwatsu da itace a gaban tayoyin, na hau. Kujerar an matsar da ita gaba, na mayar da ita inda take. Na sa giya ta biyu, na ba ta wuta kaɗan, na sake ta ta koma, na sake ba ta, ina lilo da ita har na ji ta kama. A karo na huɗu ta fito tana zubar da laka. Na kai ta kan tsandauri na ja birki. Na ɗan jima a zaune hannuna a kan sitiyari kafin in sauko.

A cikin masu kallo akwai wani attajirin hatsi da na sani tun ina ɗaura tamfol. Motoci biyu gare shi, kuma kowa a kasuwar ya san ɗaya na ajiye tun da direbanta ya kwanta ciwo. Ya matso, ya dube ni sama da ƙasa, ya juya wurin Baba.

"Alhaji, wannan ba yaronka ba ne? Ina neman hannu irin wannan. Ka yaye shi? In ka tsaya masa, gobe ya zo ya ɗauki makulli."

Na dubi Baba kawai. Ba motarsa nake nema ba yanzu, ɗansa ya riga ya samu, ba abin da zai rasa. Kalmomin nan kaɗai nake jira, ko ba goro ko ba dabino, a nan cikin laka. Na rantse da ya faɗe su da na yafe masa komai a wurin.

Ya gyara riƙon lemarsa. Ya dubi attajirin, bai dube ni ba.

"Hannu kam yana da shi," ya ce. "Amma shekara goma sha ɗaya na riƙe shi, saura ƙiris ya ajiye min aiki ya tafi ba sallama. Wanda ya yi min haka, ba zan iya tsaya masa a kan dukiyar wani ba."

Na buɗe baki in ce shi ya ce in tafi, shi ya ce kada in yi sallama. Amma mu biyu ne a cikin motar ranar, ƙofa a rufe. Ga dattijo mai furfura da lema, ga ɗan kabu-kabu da laka har gwiwa. Attajirin ya ce, "Allah ya kyauta," ya juya ya koma wurin buhunansa. A nan na gane ba zai taɓa faɗa ba. In ya tsaya min yau, dole ya janye abin da ya gaya wa 'yan tasha bara.

Baba ya laluba aljihu ya ciro goro, ya ɓara, ya miƙo min rabi. "Allah ya yi maka albarka, ɗana," ya ce. Ban karɓa ba. Wannan ne karo na farko da na bar hannunsa a miƙe, kuma shi ne iyakar abin da na iya yi.

Har yau farar gingimarin ba ta iso Kontagora ba. Wataƙila ta zo wata rana, ban sani ba, kuma na daina kallonta. Ba ta yi min komai ba. Kaftanin yana nan a ƙasan akwati, matata ba ta taɓa tuna min maganar tayoyi ba, wanda ya fi min ciwo a kan ta tuna. Motar Baba tana wucewa ta Ibeto duk mako, kuma yaron bai canza hon ba, ban sani ba ko gaisuwa ce ko shi kaɗai ya iya. Mahaifiyata ta tsufa, ta fara mantuwa. Duk ranar da ta ji gajere biyu da dogo ɗaya sai ta dafa bango ta fito ƙofa tana murmushi, ni kuma ina tsakar gida ina wanke babur.