Telar 'Yar Tsanata

Ran Juma'ar da ta wuce na dafa farfesun ƙafar saniya, saboda likita ya ce a riƙa ba Inna romo. Da na tsame naman sai ga wani ƙashi a gindin tukunya, dogo, fari fat. Na ɗauke shi zan wurga a shara, hannuna ya ƙi sakinsa. Ina tsaye ina jujjuya shi har 'yata ta leƙo ta ce, "Mama, ça va?" Na ce lafiya lau. To me zan ce mata? In na ce irin wannan ƙashin na fara goyawa kafin in goya ta, cewa za ta yi uwarta ta fara zarewa.

A New Bell aka haife ni, unguwar Hausawa a birnin Douala na Kamaru, cikin wani gidan haya na katako mai rufin kwano. Ɗaki tara, rijiya ɗaya, 'ya'ya kuwa sai wanda ya ƙirga. Ba wanda ya taɓa saya mana abin wasa, mu ma ba mu san ana saya ba. Maza su samo gwangwanin sardin, su yanko taya daga mataccen silifa, su ɗaura zare, shi ke nan an yi mota. Wanda ya mallaki tsohon garen keke kuwa, ranar ko gaisuwa ba ya amsawa. Mu mata carafke ne namu, amma da yake Douala ba garin duwatsu ba ne, da ƙwallon kwakwar manja muke yi, mu goge shi a siminti har ya yi santsi. Mu zana tabala a ƙasa mu yi ta tsalle da ƙafa ɗaya, ruwan sama ya zo ya shafe, mu sake zanawa. Da 'ya'yan Bamileke da na Basa muke wasan, a fara da Faransanci, a yi rigima da Turancin Fijin, in abu ya kai ga zagi kowa ya koma harshen uwarsa.

Amma duk cikin wasannin nan ba wanda ya kai mini 'yar tsana. Baba mahauci ne, shi ya zo mini da ƙashin daga kasuwa. Kakata, mahaifiyarsa, ta dafa shi, ta kankare, ta shanya a kan kwano kwana uku. Ta gasa ƙusa a wuta ta huda kan, ta zura baƙin zare, muka zauna muka yi mata kitso. Ido da kwalli aka zana shi. Ranar da ta cika kwana bakwai aka yi suna kamar na gaske: Kaka ta sayo makala, irin fanken nan, aka gutsuttsura wa yara, ta yi addu'a tana danne dariya, 'yan mata suka yi gaɗa a bakin rijiya. Ni ce mai jego, na yi zaman dirshan a tabarma ina yauƙi.

Sai dai akwai abin da ya kamata ku sani, musamman ku 'yan yanzu. Ni ce 'yar fari a wurin Inna, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Tun da aka yaye ni a ɗakin Kaka nake kwana. In Inna za ta aike ni, ƙanena take ce wa, "Gaya wa waccan ta kawo ruwa," alhali ga ni a gabanta. Ranar da na faɗi a bakin kwata na fasa gwiwa, tana tsaye tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba, maƙwabciya ce ta ɗauke ni. Ga shi kullum ina ganin uwar ƙawata, wata Babamilekiya, tana rungume ta tana sumbatar goshinta a ƙofar lekol, wato makarantarmu ta boko. Sai na yanke wa kaina hukunci cewa Inna ba ta sona. Na tambayi Kaka, ta ce, "Rufe mini baki, ja'ira. Kunya ce." Yarinya 'yar shekara bakwai ina ta san wata kunya? Ni dai abin yana ci mini rai, wallahi yana ci.

Bayan sunan da 'yan kwanaki na dawo daga lekol na tarar da 'yar tsanata a kan gadon Kaka sanye da riga. Ba ƙyalle aka naɗa mata ba, riga ce sosai, da hannu da wuya, ɗinkin ƙanana ƙanana kamar da keke aka yi. Bayan mako biyu sai ga zani da ɗankwali. Daga baya har majanyi. Da Sallah ta zo, atamfar da aka ɗinka mini ita ce a jikinta. Yaran gidanmu har da na unguwar Nkololoun suna zuwa kallo, ni kuwa kaina ya kumbura, sai wadda na ga dama take taɓawa. Kowane lokaci in ruga in ƙanƙame Kaka ina godiya, ita kuma ta ce, "To, to, Allah ya yi miki albarka." Kaico, ƙuruciya! Matar da ba ta iya tsince tsakuwa a shinkafa sai ta kira ni, ita na ɗauka tana wannan ɗinkin.

Daminar Douala kun san ta, sai a yi mako guda ba a ga rana ba. A shekarar da nake aji uku ruwa ya cika kwata ya shigo mana har ɗakuna, ya kai gwiwar manya. Mu yara murna muke, maza suna ta sakin jiragen takarda a tsakar gida. Da ruwan ya janye rana ta fito, kowace mace ta fito da kayanta shanya. Gidan ya cika da warin laka da jiƙaƙƙiyar katifa. Aka fito da akwatin ƙarfen Inna, wanda ban taɓa ganin cikinsa ba, tana ciro zannuwa tana yarfawa a igiya. Can ƙasa na hango wani gwangwanin alewa, murfinsa ya buɗe. Na leƙa. Ƙyallaye ne a ciki, da zare kala kala, da wata 'yar riga da ba a gama ba, hannu ɗaya aka sa mata, allurar ma tana soke a jiki.

Da ina da wayo da na mayar da murfin na yi shiru. Amma daɗi ya kwashe ni. Na ɗaga rigar sama, na kurma ihu a tsakiyar matan gida, "Inna ce! Ashe Inna ce take ɗinka mini!" Na ruga na rungume ƙafafunta.

Sai wata gwaggona ta rangaɗa guɗa. "Ayyiriri! Yau asiri ya tonu. Ashe har ɗinki ake yi wa 'yar fari!" Mata suka kwashe da dariya har da tafi. Ba da mugunta suke yi ba, tsiya ce irin ta matan gida ɗaya, amma a gaban surukarta aka yi. Inna ba ta taɓa ni ba. Ta ja gefen zani ta rufe fuska, ta zame jikinta a hankali, ta shige ɗakin nan mai laka ta saki labule. Aka yi wata da watanni ana kiranta telar 'yar fari.

Da yamma Kaka ta zaunar da ni ta ce, "Ƙawata, baki shi ke yanka wuya. Hanya ɗaya ce da uwarki, kin toshe." Ban gane ba sai da na ga zahiri. Washegari na tuɓe wa 'yar tsanar kaya, na kwantar da ita a gadon Kaka, na tafi lekol. Na dawo na same ta yadda na bar ta. Na sake, na kuma sakewa, har damina ta wuce. Ko zare ɗaya ba a ƙara ba. Daga nan wasan ya fita raina, ban ma san inda ta ƙare ba.

Yau Kaka da Baba duk sun riga mu gidan gaskiya. Gidan an rushe shi an yi bene, ƙasansa shagunan waya. Lungun da ake gara gare 'yan bensikin, wato 'yan acaɓa, sun ƙwace shi, yaro ya fita da gudu sai a ɗauko shi a hannu. Yaran ma ba sa fita, kowa ya dunƙule da waya a kusurwa. Kunyar ɗan fari kuwa saura kaɗan ta zama labari. Ni tawa 'yar farin ina kiran sunanta har sai ta ce na ishe ta.

Inna tana wurina a unguwar Ndogbong tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ta shekara biyu da suka wuce. Ni nake yi mata wanka, ni nake ba ta abinci. Maganarta ta ɗauke, yanzu take dawowa kaɗan kaɗan, likita ya ce a riƙa nuna mata mutane tana faɗin sunansu. 'Yata ta mayar da abin wasa. In an taru ran Lahadi sai ta bi mu ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Inna ta faɗi sunan ƙanena, da ƙyar amma ya fita. Ta faɗi na autarmu, ta faɗi na jikokinta, har na mai kawo mana ruwa ta faɗa.

Lahadin da ta wuce yarinyar ta dafa kafaɗata ta ce, "To Hajiya, wannan fa? Wace ce?"

Ina riƙe da kwanon kunu, ina jira kamar yarinya, ni da furfura a kaina. Inna ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Leɓenta ya motsa. Sai ta juyar da fuskarta bango.

'Yata ta ce, "Ayya, ta manta ne, Mama. Gobe za ta tuna." Ban sani ba ko ciwon ne ya riƙe harshen ko kunyar ce har yanzu, kuma duk wanda zan tambaya ya mutu. Na ɗebo kunun a cokali, na hura, na zagaya ta ɓangaren bangon na kai mata baki.