Ƙasar da Na Jiƙa da Ruwan Salka

Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara ashirin da ɗoriya, a wani ƙauye tsakanin Buza da Keita. Ban yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko, gona ma ba ta riƙe ni ba. Hadari kaɗai ke tayar da ni. Da na hango gabas ta yi baƙi sai zama ya gagare ni, in hau raƙumi in bi shi bisa duwatsu, iska na fizgar rawanina, ina ihu ni kaɗai. Mutane suna cewa ba ni da cikakken hankali. Amma da fari ya zo a shekarar tamanin da huɗu, haukan nan nawa ya zama aiki. Kawuna da ya rene ni, shanu bakwai suka rage masa, duk sun rame, tafiya ɗaya ta rage a ƙafafunsu. Ya ce in bi hadari in gano inda ya zuba, mu kai su can. A wurinmu ba a yarda da bakin mai dubo ruwa kawai. Sai ya tona ƙasa da hannu, ya ga inda laima ta kai, ya ƙullo jiƙaƙƙiyar ƙasa a bakin rawani.

Sau uku ina fita ina dawowa hannu banza, har samari a bakin rijiya suna tambayata ko hadarin ya ba ni saƙo. Wata la'asar hadari ya haɗu wajen Garhanga, baƙi ƙirin, na bi shi kamar zan tashi sama. Ina matsawa yana janyewa, har raƙumin ya durƙusa ya ƙi tashi. Daga kan tudu na hango duhu ya sauko har ƙasa, na ce a raina wannan ruwa ne, ba sai na je ba. Na juya. Kusa da gida na ɗebi ƙasa, na zuba mata ruwan salkata, na ƙulle. Kawu ya kwance, ya sunsuna, ya daɗe yana kallona, sannan ya tambaye ni inda laima ta kai. Na ce har wuyan hannu. Ya yi hamdala, ya sa mini albarka.

Kwana biyu muna kora shanun. Da muka isa sai muka tarar iska ce da ƙura kawai, ta kware rumbunan mutane ta wuce, ko ɗigo bai sauka ba. Kawu ya durƙusa ya tona har gwiwar hannu, ƙasa na zubewa ta tsakanin yatsunsa. Ya miƙe ya karkaɗe hannunsa, muka juya. Saniya biyu muka komo da su.

Na bar bin hadari, amma har yau in gabas ta yi baƙi ba na iya zama wuri ɗaya. Sai da Kawu ya kwanta ciwon ajali na faɗa masa gaskiya. Ya ce ai tun ranar ya ji warin fatar salka a ƙasar, amma ya gwammace ya zargi hancinsa da ya zargi ɗan da ya rena. Ya yafe mini, kuma yafewar ta fi duka zafi.

Ku da ake aika ku dubo wani abu, ku isa wurin. In ba ku isa ba, ku ce ba ku isa ba. Dariyar bakin rijiya da na guje wa, da ta ƙare a mako guda. Hannun kawuna cikin busasshiyar ƙasa kuwa har gobe ina ganinsa.