Ƙuli-ƙuli ga Kifayen Amana

Har na kai shekara arba'in da takwas ina da yaƙinin cewa duk mai rai, idan sanyi ya shigo, ƙarin abinci yake bukata, kuma mai maiƙo. Haka na ga mahaifiyata tana yi mana muna yara, ta ƙara man gyaɗa a miya, ta dama kunu mai kauri da sassafe. Haka kuma ake yi wa ragon kiwo a kowane gida na Matameye, a ƙara masa dusa da harawa. Ban taɓa zama na tuhumi wannan yaƙini ba, ni da na saba tuhumar kusan komai.

Ɗiyata ta fari tana da kifayen ado guda uku, waɗanda kawunta ɗan kasuwa ya kawo mata daga Kano cikin leda. Irin masu ruwan zinariyar nan ne, da ƙaton ciki da wutsiya mai baza kamar gyale. Babban cikinsu yana da wani jan tudu a ka, shi ta fi so. Shekara biyu tana kula da su a akwatin gilashi, a falo, kusa da taga. Da ta samu gurbi a jami'a a Yamai, sai ta damƙa mini su, bisa hujjar cewa ni ne malamin kimiyyar halittu a lise, wato babbar sakandare. Ta nuna mini ma'auni: abin da yatsu biyu suka tsinto daga gwangwanin abincinsu, sau ɗaya a yini. Na ce ta tafi hankali kwance, amana ce.

Da sanyi ya kankama, ruwan akwatin ya koma kamar na sabuwar randa. Kifayen suka rage yawo, suka riƙa lafewa a ƙasa. Na tsaya na dube su da idon masani, na yanke hukunci cewa yunwa ce. Abincin gwangwanin kuwa dama na raina shi, wani abu ne marar nauyi kamar ƙaiƙayi. Sai na sayo ƙuli-ƙuli, na daka shi da kaina a ƙaramin turmin yaji, na haɗa da gwaiduwar dafaffen ƙwai, na mai da ciyarwa sau uku.

Suka ci. Wannan kifi ba shi da kunya ko kaɗan: ko ya ƙoshi, da ka tsaya a kansa sai ya taso yana buɗe baki. Mu kuwa an raine mu a kan cewa ba a buɗe maka baki a gidanka ka kau da kai. Matata ta lura ruwan ya fara kama da na wankin tukunya, ta tsaya ta daɗe tana kallona ina barbaɗa gari.

"Malam, ko da su za mu yi layya bana?"

Na yi mata bayani mai tsawo game da yadda jiki ke ƙona maiƙo domin yaƙi da sanyi. Ta ce to, ni ne na yi karatu.

Bayan kamar kwana goma, na dawo daga sallar asuba na tarar da babban yana yawo a saman ruwa, ciki a sama. Yana da rai, yana ta kaɗa fiffike, amma ya kasa juyowa. Washegari na biyu ya karkace gefe guda. Ranar Juma'a ɗiyata ta kira kamar yadda ta saba, ta tambaye su. Na ce suna nan. Ban yi ƙarya ba, in ji ni a raina, kuma na san wannan irin gaskiyar ba ta da maraba da ƙarya.

Akwai wani mai lambu a hanyar Dungu da ke kiwon tarwaɗa a kwamin siminti. Tsohon ɗalibina ne, wanda ya bar makaranta bai gama ba, kuma ina tune da cewa jan biro na ya sha zagaya takardunsa. Na hau moto, wato babur ɗina, na je. Ya tarbe ni da girmamawa, ya shimfiɗa tabarma, ya saro rake. Bayan doguwar gaisuwa na ce wani abokina ne yake da kifin ado, kaza da kaza ya same su. Ya tambayi abin da abokin ke ba su. Na faɗa. Ya sunkuyar da kai yana ta fere rake, kafaɗunsa suna ɗan motsi.

"Malam, lallai abokin nan naka bai zauna ajinka ba," ya ce. "Ai kai ka rubuta mana a allo cewa jikin kifi zafin ruwa yake bi. Ruwa ya yi sanyi, ciki ya yi sanyi, abinci ya kwanta bai narke ba."

Shekara ashirin da wani abu ina rubuta wannan jimla, ina ja mata layi, ina rage wa yara maki a kanta. Ban taɓa shigo da ita gidana ba.

Ya ce shi kansa yakan rage wa tarwaɗarsa abinci a wannan lokaci, kuma sai rana ta take, ruwa ya ɗan yi ɗumi, yake ba su. Ya ce a sauya rabin ruwan da wanda ya kwana a ɗakin. Kwana uku kada a ba su komai. Daga nan a dafa ganyen zogale ya yi lugub, ba gishiri ba mai, a yanka ƙanana, kowane kifi ya samu abin da bai wuce girman idonsa ba. Da zan tashi ya riƙe mini moto, ya ce in gaya wa abokin cewa kwana ukun nan kifi zai iya, mai gida ne abin ji.

Ya yi gaskiya. A rana ta biyu matata ta kama ni tsaye a kan akwatin, yatsuna cikin gwangwani, ina gaya wa kaina cewa ƙwaya ɗaya ba ta karya doka. Ta karɓe gwangwanin, ta haɗa da sauran garin ƙuli-ƙuli, ta kulle a ɗakinta.

Babban ya mutu a rana ta uku. Na biyu ya miƙe bayan ya fara cin zogale, ƙaramin kuwa dama bai kai ga kifewa ba. Da Juma'a ta zagayo na gaya wa ɗiyata tun kafin ta tambaya. Ta ce me na ba su. Na faɗa mata duka, har da gwaiduwar.

"Ƙuli-ƙuli, Baba?"

Na fara bayani. Ta saurara cikin ladabi har na kai aya, sannan ta roƙi in miƙa wa Mama wayar.

Biyun suna nan da rai. Idan sanyi ya shigo, zogale suke ci da tsakar rana, a tsallake kwana guda, kuma matata ce ke ba su. Ɗiyata tana kirana duk Juma'a, mu yi hirar karatu da ta gari. Labarin kifi kuwa uwarta take tambaya.