Na Ce Ruwa, Ban Ce Fitsari Ba

Malam Edita, a zamanin Turawa ni tafinta ne a wani ɗakin shan magani na En'e a ƙasar Haɗejiya. Ban kai shekara talatin ba, ina taƙama bakina ba ya tuntuɓe, ko a Hausa ko a Turanci. Akwai wata Sista Baturiya da kan zo rangadi ta duba mata, ni kuma in tsaya bayan labule ina juya magana.

Wata damina kogi ya cika ya shafe hanyoyin fadama. Da hantsi aka sauko da matar wana daga kwale-kwale, ta kwana biyu tana naƙuda. Mahaifiyarta, wadda duk muke kira Iya, ita ta rako ta. Sista ta taɓa mararta, ta ce mafitsara ta cika tam, kan jariri ya danne hanyar fitsari, ita kuma mafitsarar ta tare masa hanya. Ta ce za ta sa siririn bututun roba da aka tafasa, fitsarin ya fita, a zare. In haihuwa ba ta zo ba har azahar, a kai ta tashar Malam Madori a sa ta a jirgin ƙasa zuwa asibitin Kano.

Ba kalmar da ta shige mini duhu. Amma Iya surukar gidanmu ce, ban taɓa haɗa ido da ita ba, balle in ambaci fitsarin 'yarta a gabanta. Sai na sunkuyar da kai na ce za a sa roba a cire mata ruwa. Iya ta tambaye ni ko ruwan da yaro ke kwance a ciki nake nufi. Na yi shiru, ta ɗauki shirun nan amsa. Ta ce ita tara ta haifa ba wanda ya tsotse mata ciki, kuma ko kifin fadama aka janye wa ruwa ai an san ƙarshensa. Ta ce mini, ɗan nan, ashe bokon naku har da busar da jikoki. Sista ta tambaye ni abin da ake cewa, na ce mata sun ƙi ne kawai. Ta roƙa, na juya roƙon a gajarce, suka koma kwale-kwale.

Bayan kwana biyu matar wan nawa ta haifi namiji ba rai. Kafin ta gama wankan jego fitsari ya fara zubo mata ba tsayawa. Wana bai sake ta ba, amma ta daina zuwa suna da biki, ta koma ɗakin ƙurya da tsummokaranta har ta rasu. Duk sanda na je gida sai ta gaishe ni daga nesa, ta yi mini godiya, wai na yi iyakar ƙoƙarina ran nan. Ban taɓa gaya mata ba.

Ban san ko robar za ta ceci yaron ba, Allah ne masani. Abin da na sani shi ne, Iya ta ƙi abin da ba shi aka ce za a yi ba, kuma ni na sa. Daga baya na yi shekaru ina aikin rediyo, ana yaba mini da iya zaɓen kalma, ni kuwa na san wadda na kasa faɗa. Ina roƙon duk wanda aka tsayar tsakanin mai magani da mai naƙuda, ɗa ne ko miji ko suruki, ya kira abu da sunansa. Kunyar ta ɗan lokaci ce, kuma kai kaɗai za ka ji ta.