Gem ɗin da Muka Fara da Yaya

Yayata ce ta fara jin labarin fitowar gem ɗin. Ina rumfar Baba a kasuwar kifi ta Baga Road, muna ɗaure kwalayen banda da za a loda wa motar kudu, sai ga kiranta. Duk lokacin da ta kira ni da rana gabana faɗuwa yake yi, don na san irin kiran da ke zuwa idan ciwonta ya tashi. Na goge hannu a jikin wando na ɗauka.

"Auta, sun mayar da shi gem!" in ji ta, ko sallama babu.

"Sun mayar da me?"

"Katun ɗinmu mana, na tsuntsaye. Wai kai da kanka za ka shiga cikin labarin, ka yi yawo, ka yi magana da mutanen. In ka taso ka zo min da wayarka, tawa ba za ta ɗauka ba."

Mu biyu muka rage a gaban Mama da Baba a gidanmu na Lamisula. Yaya da sikila aka haife ta. Tun muna yara ba ta tsere, ba ta wasan ruwa, in damina ta zauna kuwa ƙasusuwanta ne ke fara sanar da mu. A shekarun da gari ya rikice, da ake kulle mu a gida tun kafin la'asar saboda dokar hana fita, wani maƙwabcinmu ya ara mana faya-fayen katun ɗin Japan, irin wanda ake kira anime. Labarin waɗansu matasa ne da ke yawo tsakanin tsibirai a bayan manya-manyan tsuntsaye, suna neman garinsu da ruwa ya cinye. Da Japananci suke magana, fassarar Turanci na gudu a ƙasa. Ni lokacin karatuna bai kai ba, sai Yaya ta riƙa karanta min, tana juya shi zuwa Hausa gauraye da Kanuri, kowa da muryar da ta ba shi. In aka ji ƙarar bindiga daga nesa, sai ta ƙara sautin talabijin.

To, wannan katun ɗin ne aka yi wa gem, bayan mun girma, ni ina kasuwa, ita tana haɗa turaren wuta da humra a ɗakinta, matan unguwa na zuwa saye.

Gem ɗin nauyi ne da shi. Sai da na goge hotuna da bidiyoyin ƙwallo da na tara, na je shagon mai gyaran waya na bakin layinmu, da yake yana da intanet mai ƙarfi, na zauna a benci har ya gama sauka. Ana yayyafi na shiga gida. Na tarar da ita a kan katifa, ta lulluɓa da bargo, yatsunta sun ɗan kumbura.

"Kai za ka riƙe, ni zan faɗa maka abin da za ka danna," in ji ta. "Zauna nan kusa. Kai, warin kifi kake yi."

Kiɗan farko ya tashi. Kiɗan da muka sani ne, sun ɗan sabunta shi. Na ga tana motsa leɓe tana bin sa.

Kafin a fara, sai mutum ya ƙera wanda zai zama a cikin labarin: fuska, tsawo, gashi, sutura. A nan muka ɓata kusan dukan yammar. Ta sa na zaɓi fatar da ta fi duhu, ta ce duk da haka ba ta kai tamu ba. Ta bincika kayan sawa ɗaya bayan ɗaya har ta samo wani dogon mayafi ruwan goro, ta ce wannan ai laffaya ce, Japanawan ne ba su san sunanta ba. Da muka zo kan idanu, na tambaye ta wane launi.

"Baƙi. Amma ka sa farin ya fito tas."

Ban kalle ta ba. Idanun Yaya tun da na san ta ɗorawa-ɗorawa suke, kuma ban taɓa jin ta ambaci hakan ba sai ranar.

Sai batun sana'a. Akwai mai takobi, akwai maharbi, akwai mai magani, akwai ɗan leƙen hanya, wanda ke gudu gaban ayari.

"Yaya, ki ɗauki mai magani. An ce su ake nema a kowace ƙungiya."

"Ni da magani kuma? Wanda na sha ya ishe ni. Ba ni mai gudun nan."

Gem ɗin ya fara da yarinyarmu ta farka a wani ƙauyen masunta, a tsibirin farko. Ba a ba mutum tsuntsu sai ya gama ayyukan ƙauyen ya ƙetare zuwa tsibiri na biyu. Ni can nake ɗokin zuwa. Yaya kuwa ko a jikinta. Duk wanda ke tsaye a ƙauyen sai mun gaisa da shi, mun ji damuwarsa. Wata tsohuwa akuyarta ta ɓace, wani yaron jirgi ya yar da filafili, wani dattijo mai ƙaton ciki yana shanya kifi yana mita ruwan sama zai ɓata masa kaya.

"Ga Baba nan," in ji ta, ta yi dariya har sai da ta dafe ƙirji.

"Yaya, mutane sun yi nisa fa. Abokina har ya sami tsuntsu."

"Ya tafi abinsa. Sauri na me? Koma wurin tsohuwar nan, ban gama jin maganarta ba."

Haka muka yi ta yi. In na taso daga kasuwa na yi wanka na yi la'asar, sai na shiga ɗakinta, mu yi har a kira magariba. Mama takan leƙo da kofin kunu, ta ce da Kanuri manyan mutane da mu muna wasan 'yar tsana, amma ba ta taɓa kore ni ba. Tana ganin yadda Yaya ke mance ciwo muddin wayar na kunne.

A cikin gem ɗin ana shiga ƙungiya da mutanen wasu ƙasashe, a taimaki juna. Yaya ta sa na shigar da mu wata ƙarama. A ciki akwai wata mata daga Indonesiya, mai sayar da abinci a ƙofar gidanta, ita ma tun tana yarinya ta kalli katun ɗin. Jininsu ya haɗu da Yaya. Da guntun Turancinsu suke hira, Yaya na faɗa ina rubutawa. Matar ta tambayi mene ne humra, Yaya ta yi mata bayani dalla-dalla, har da yadda ake jiƙa farce da sandal. Amma ba ta yarda na rubuta cewa ba ta da lafiya ba. Ta ce a can ba mai ce mata sannu, kuma haka take so.

Da ruwa ya zauna sosai, ciwon ya tashi. Ya fara daga baya da ƙafafu kamar kullum, sai ya haura ƙirji. Muka ɗauke ta a keke napep zuwa asibiti, ni na rungume ta a baya, Mama na riƙe da ƙafafunta, mai keken na ta kauce wa ramukan da ruwa ya cika. Aka ce sai an ƙara mata jini. Ban nemi kowa ba, Baba ne kawai ya faɗa a kasuwa, sai ga masu ɗaure kwali da direbobi sun zo da kansu, sun jeru a baranda da warin bandarsu, kowa na naɗe hannun riga.

Ta ɗan farfaɗo bayan jinin. Wata yamma na same ta an sa mata abin shaƙar iska a hanci, Mama ta fita alwala. Ta nuna aljihuna da ido.

"Yaya, ki huta."

"Hutun nake yi. Kunna."

Na kunna, na rage sauti saboda masu jinya na gefe. Saura aiki ɗaya ne mu gama da ƙauyen, faɗa da wani dodon kaguwa a bakin gaɓa. Na ce bari mu gama da shi yau, gobe sai tsuntsu. Ta girgiza kai.

"Kar ka yi faɗa da kowa. Kai ta bakin ruwa, ka bar ta ta yi gudu kawai."

Na kai yarinyar bakin teku na danna. Ta yi ta gudu a kan yashi, mayafin na tashi a bayanta, ruwa na taɓa ƙafarta yana komawa. In ta kai ƙarshen gaɓa sai na juyo da ita. Yaya na kallo, numfashinta na fita da ƙyar.

"Ba ta gajiya," in ji ta.

"Ai duk makin da muka samu a ƙarfin jiki kika sa na zuba mata."

Ta yi murmushi. Ban daina ba har idonta ya rufe da barci, babban yatsana ya yi tsami.

Ta ƙara kwanaki kaɗan, amma ba ta sake neman wayar ba. Da safe ne, na koma gida ɗauko ruwan zafi a fulas da zanin da Mama ta ce na kawo. Ina kulle ƙofa Baba ya kira ni. Bai ce komai ba sai salati, na zauna a dokin ƙofar da fulas ɗin a hannu. Bayan azahar aka kai ta. Dangin Mama suka zo daga Konduga da buhun gero, gidan ya cika da mata, ana ta wushe, gaisuwarmu ta Kanuri, ana ba da haƙuri. Matan da ke sayen turarenta suka riƙa shigowa, wasu ban taɓa ganinsu ba.

Na daɗe ban buɗe gem ɗin ba. Sai bayan an share makoki, wata Asabar kasuwa ba ciniki, na ga alamar saƙo a kansa na taɓa. Matar Indonesiya ce. Saƙonni ne a jere: ina kika shiga, 'yar'uwa? Mun jira ki ba mu ƙetare ba. Ko na faɗi abin da ya ɓata miki rai ne?

Na rubuta na goge, na sake rubutawa. A ƙarshe na ce mata ni ƙaninta ne, ni nake riƙe mata waya tun farko, tana da ciwo tun haihuwa, kuma Allah ya yi mata rasuwa. Ba a jima ba amsa ta zo. Innalillahi ta rubuta, da haruffan boko, yadda mu ma muke rubutawa. Ta ce ba ta sani ba, ta ce Yaya ce mai sa su dariya a ƙungiyar. Na kifa wayar a kan kwali na zagaya bayan rumfa, don kada Baba ya ga fuskata.

Ranar Juma'ar da ta biyo ta turo hoto. Jar shinkafa ce ƙunshe a ganyen ayaba, an buɗe ƙunshi ɗaya, an jera a babban faranti a ƙofar wani masallaci mai koren rufi. Ta ce ta dafa ta raba sadaka, Allah ya kai ladan kabarin Yaya.

Na kai wa Mama a kicin, tana tsince wake. Na yi mata bayani da Kanuri: wata ce a can ƙarshen duniya, ƙawar Yaya, ba su taɓa ganin juna ba. Ta karɓi wayar da hannu biyu, ta matsar da ita kusa da ido, ta daɗe tana kallo.

"A cikin wasan nan suka haɗu?"

"A ciki, Mama."

"Musulma ce?"

"Musulma ce."

Ta sa gefen laffaya ta share ido, ta miƙo min wayar.

"Ka ce mata uwarta ta gode. Ka ce Allah ya raya mata zuri'a." Ta ja farantin waken gabanta, sannan ta ƙara da cewa, "Ka tambaye ta me suke sawa a cikin shinkafar nan ta yi ja haka."

Na zauna a kan turmi na fara rubutawa.